Baƙin Fenti a Ƙarƙashin Farar Mota

Kafin rana ta gama fitowa, unguwa ta riga ta yanke hukunci.

Da asuba aka tsinci tsohon shumeka, mai gyaran takalma na bakin kwana, kwance a tsakiyar layi, ƙafarsa a murɗe, bakinsa yana motsi babu magana. Mota ce ta ture shi yana hanyar masallaci, ta bi ta kan ƙafar, ta ƙara wuta. Mai kanti, wanda yake buɗe shagonsa a lokacin, ya rantse bai ga fuskar direba ba. Abin da ya gani shi ne farar mota ta haye tudun simintin nan da 'yan unguwa suka gina don rage gudu, cikinta ya daki tudun har tartsatsi ya tashi, sannan ta karya kwana ta shiga layin gareji.

Gareji ɗaya ne tal a layin.

Lokacin da Injiniya ta iso, ba a ganin ƙofar garejin don mutane. Wannan suna su suka laƙaba mata don ba'a, shekarar da ta dawo daga makarantar koyon injin mota ta sa rigar aiki ta shiga ramin gyaran mota kusa da yayanta. Ba ta yi musu ba. Ta kai rigar wurin tela aka ɗinka mata sunan a baya da jan zare, manya-manya, don kada mai ba'a ya wahalar da idonsa.

Ta ratsa su da kafaɗa. Farar motar tana nan a bakin ƙofa, inda aka bar ta jiya da yamma bayan an gyara mata lagireto, don cikin garejin ya cika. Bonet da sauran ɗumi. Warin sabon fenti yana tasowa daga ƙarƙashinta. Yayanta kuwa, wanda kowa ke kira Guntu, yana tsakanin 'yan sanda, daga shi sai singileti, leɓensa a fashe.

"Wa ya dake shi?" ta tambaya.

"Ke yarinya, ki yi mana shiru," in ji mai kanti. "Bawan Allah yana asibiti rai a hannun Allah, ke kina maganar leɓe. Ga mota, ga fenti ko bushewa bai yi ba. Ya kankare cikinta a kan tudu, ya dawo ya shafe don kada a gane. Wa ke da fenti a layin nan in ba bakanike ba?"

"Barci nake, ƙanwata," in ji Guntu. "Wallahi a ɗakin baya nake, ihunsu ne ya tashe ni."

"Makullin motar fa?" Sufeto ya tambaye shi.

"Yana aljihun wandona."

Taro ya ɗauki gunaguni. Sai aka fara darewa ana ba da hanya, ga Baba Tirela, mai motar, yana tafe. Tsohon direban manyan motoci ne, shi ne shugaban kwamitin unguwa, kuma aminin marigayi mahaifin su Guntu. Tun da aka yi masa aiki a gwiwa ƙafarsa ta dama ta daina lanƙwasuwa, jan ta yake yi yana dogara sanda. Da Injiniya ta gan shi sai ta ji sanyi a ranta.

"Baba, ka gaya musu. Kai ka san shi tun yana rarrafe."

Bai dube ta ba. Ya dubi Sufeto.

"Ni dai a hannunsa na bar motata. Ban ce shi ne ba. Amma kowa ya san yadda yake gwada motocin mutane a layin nan kamar aljani ya biyo shi. Na yi faɗa har na gaji." Ya girgiza kai. "Allah ya ji ƙan ubanku. Gara da bai ga wannan rana ba."

Wannan magana ita ta rufe ƙofa. Aka tura Guntu cikin motar 'yan sanda. Wani daga baya ya jefi allon garejin da dutse, daidai inda mahaifinsu ya zana sifana da hannunsa.

*

A gida ta tarar da Umma zaune a bakin gado da mayafi a hannu, ta rasa ko fita za ta yi ko zama.

"Ki je gidan Baba Tirela ki durƙusa," in ji Umma. "In ya sa baki za a sassauta."

"In durƙusa a kan me? Abin da Yaya bai yi ba?"

"Kina da tabbas bai yi ba? Kin san shi da gudu."

"Na san shi da gudu, na san shi da surutu, na san shi da cin abincina in na juya baya. Amma Umma, Yaya zai shafa baƙin fenti a kan ƙarfe bai wanke ba, bai goge ba, bai sa ja ba? Abba ya taɓa karya masa burushi a ka don wannan."

Haka tsarin gidansu yake. In mota ta kankare ciki, sai a hau da ita kan rami, a wanke wurin, a bi shi da samfefa har ƙarfe ya yi haske, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, a bar shi ya sha iska, sannan baƙi ya zo a ƙarshe. Abba yakan ce baƙin don idon mai mota ne kawai, jan shi ne aikin.

"Mutumin da ya tsorata ba ya tuna tsari," in ji Umma a hankali.

Wannan ya yi mata ciwo fiye da dutsen da aka jefa, domin gaskiya ce. In uwarsa ta iya faɗin haka, alƙali ma zai faɗa. Ta ɗaure kanta da kyau, ta ɗauki tocila.

Ba injin mota kaɗai ta karanta ba. Kakanta na wajen uwa mai bin sawu ne, wanda ake tasowa daga nesa a kira in an sace dabba. Duk hutun makaranta a bayansa ta yi shi, yana nuna mata ƙasa da tsinke, yana tambayarta wa ya wuce nan, da gudu ko da tafiya, da kaya ko hannu sake. In ta yi saurin amsa sai ya ja mata kunne. Samarin gidan duk sun gudu daga wannan karatu, ita kaɗai ta jure.

*

Sufeto ya bar kofur guda yana gadin motar, don babu abin da zai ja ta sai washegari. Kofur ya ce tana iya kallo, amma kada ta taɓa.

Guntu yana da ɗabi'a ɗaya da ya gada: kowace yamma sai ya share gaban garejin ya yayyafa ruwa. Da mutane ba su tattake wurin ba, da ƙasar ta ba ta labarin duka. Amma sun tattake. Abin da ya tsira sai ɗan siririn wuri a gefen direba, daga ƙofa zuwa ƙarƙashin mota, inda ƙafa ba ta shiga. Ta tsuguna ta haska. Tafin hannu ɗaya, ya nutse sosai, na mutum mai nauyi. Sai wasu layuka dogaye a kan yashin, kamar an yi ta jan wani abu gaba da baya. Ba ta ga alamar bayan mutum ko kafaɗa ba. Ta leƙa ta gilashi. An tura kujerar direba baya har ƙarshenta.

Ta yi wata gajeruwar dariya marar daɗi.

"Me ya faru?" in ji kofur.

"Yayana in ya zauna a kujerar nan haka, sai ya aika wani ya taka masa birki."

"Ai ana iya turawa bayan an fito."

Ta tafi tudun siminti. Shatin da cikin motar ya bari yana nan sabo, fari, da ɓurɓushin ƙarfe. Kusa da shi kuma ga ɗigon baƙin mai, ɗaya bayan ɗaya, bai shiga layin gareji ba, ya miƙe. Farar mota ba ɗaya ba ce a duniya, kuma mai kanti ba yaro ba ne, idon asuba yana iya yaudararsa. Ta bi ɗigon, kai a sunkuye, mata suna leƙowa ta ƙofa suna nuna ta da baki. Wata ta ce, yadda za ta ji, "Ga 'yar boko can tana neman allura." Ta wuce ba ta ɗaga kai ba.

Ɗigon ya kai ta bayan gidan burodi, ƙarƙashin wata farar motar raba kaya.

"Da asuba ka bi ta kan tudu?" ta tambayi mai burodi.

"Kullum nake bi. Yau ma na bi, kafin abin ya faru." Ya goge hannu a jikin rigarsa. "Wato an kama naku, kin zo ki sauke a kaina? Shiga ki duba. Motata in ta taɓa tudun nan, a canza min suna."

Ta shiga ta duba. Cikin motar yana sama sosai, tsohon laka ya bushe a kansa, babu ko ƙwarzane. Mai dai yana zuba, amma zubar ta daɗe.

"Kwandon manka yana yoyo," ta ce da ta fito. "Ka kai a duba."

"Ba dai garejinku ba."

Ta kaɗe rigarta ta tafi.

*

A bakin kwana ta tarar da 'yar shumeka tana tattara kayan aikin mahaifinta daga kan teburinsa. Tela ce, sun yi firamare tare. Injiniya ta tsaya ta yi mata sannu.

"Riƙe sannunki," in ji 'yar shumeka. "Likita ya ce ko ƙafar ta haɗu, ba lalle ya sake taka ta ba. Mutumin da ko kaza bai taɓa takawa ba. Da yayanki ya tsaya ya ɗauke shi, da na yafe. Amma fenti ya tafi nema."

"Ba shi ba ne."

"To wa? Ni?"

Ta fizgi akwatin kayan da ƙarfi, murfin ya buɗe, ƙusoshi da zare suka watse. Wata 'yar roba mai da'ira ta gangaro ta tsaya a ƙafar Injiniya. Ta ɗauka. Daga tsohuwar taya aka yanko ta, an tsaga mata layi biyu masu gicciye a fuska.

"Ba ni nan," in ji 'yar shumeka, ta warce. "Ta gindin sandar tsofaffi ce. Shi kaɗai yake zama ya tsaga su haka don kada su zame a kan siminti. Kyauta yake sa musu. Ga sakayyar da unguwa ta yi masa."

"Zan kawo miki wanda ya yi," in ji Injiniya.

"Ki kawo min ƙafar babana."

*

Kujerar da aka tura baya ita ta kai ta wurin direban Baba Tirela, wani dogon saurayi mai yawan dariya. Ta same shi a ƙofar gidan yana zaune a kan benci, babu motar da zai wanke. Ƙyauren gidan yana ƙyalli, kwanan nan aka yi masa sabon baƙin fenti.

"Ina kake da asuba?"

"A'a, yau kuma Injiniya ta zama alƙali?" Da ya ga fuskarta sai dariyar ta gudu. "A asibitin haihuwa na kwana, matata ta sauka. Ki je ki tambaya, har ungozoma ta kore ni daga baranda don na hana mutane barci da zirga-zirga."

"Barka. Makulli na biyu fa?"

"Yana wurin Anti, babbar 'yarsa. Tun da aka yi masa aikin gwiwa 'ya'yan suka ƙwace. Likita ya ce ƙafar ba za ta iya tashi daga totur ta koma birki a kan lokaci ba. Ranar an yi rigima a gidan nan. Ya ce shi da ya ja tirela tun ba a haife su ba, yau shi za a hana ƙaramar mota."

"Kai ne kake tura kujera har ƙarshe?"

"Ni? Tsawona bai kai nan ba." Ya rage murya, yana ɗan murmushi. "Aikin tsoho ne. Yakan shiga motar a cikin gida, injin a kashe, ya tura kujera don ƙafar ta miƙe, ya riƙe sitiyari yana ta canza giya shi kaɗai. Kullum da safe sai na dawo da ita. Abin tausayi. Anti har kwaɗo take sa wa ƙyauren nan da kanta, don kada wata rana shaiɗan ya raya masa."

Injiniya ta dubi ƙyauren. Jiya motar ba a bayansa ta kwana ba. A titi ta kwana.

Ta ƙi yarda. Baba Tirela shi ya shiga kabari ya karɓi gawar mahaifinta. Shi ya tsaya a gaban dangi ya ce a bar yarinya ta yi karatunta. Ta ce wa zuciyarta ta yi shiru, kujera ba shaida ba ce, tsohon direba kuma ba zai rasa hanyar samun makulli ba, amma hakan ma ba shaida ba ne. Kakanta ya ja mata kunne sau da yawa a kan saurin amsa.

Ta koma gareji. Kofur yana gyangyaɗi a kan kujera. Ta shimfiɗa kwali ta ɗaya gefen motar, ta kwanta, ta zura kanta ciki da tocila, ba ta taɓa komai ba. Ta daɗe a ƙarƙashin. Da ta fito, ta naɗe kwalin ta tafi gida.

*

Da safe ta tare Sufeto. Ta ce kafin a ja motar, a tura ta kan rami ya ɗauki hoton fentin da kyau, zai yi masa amfani a kotu. Ya dube ta kamar yana neman inda tarkon yake, bai gani ba, ya yarda. Ta ce a zo da Guntu, a kira mai mota da direbansa da mai shaida, don kada gobe wani ya ce ta taɓa wani abu. Mai burodi ya zo da kansa don gulma. 'Yar shumeka ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a harɗe. Aka kawo wa Baba Tirela kujera, ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa.

Aka tura motar kan rami. Injiniya ta sauka da tocila.

"Ranka ya daɗe, sauko. Duk wanda yake so ya gani ya sauko."

Sufeto ya sauka. Mai kanti da mai burodi da direba suka biyo shi, suna sunkuyar da kai.

"Ga inda tudu ya kankare," ta ce. "Ba wani babban rauni ba ne, fata ce kawai ta tafi. Yanzu ku dubi fentin. Wannan ba na ƙarƙashin mota ba ne, na ƙyaure ne, shi ya sa har yanzu yake danƙo. An shafa shi a kan ƙura. Ku dubi hanyar burushin. Duk daga gefe ɗaya ya taso, gefen direba, da kauri a kusa, yana zuwa tsakiya yana sirancewa. Bayan wannan ƙarfen da ya gitta kuwa ko ɗigo bai kai ba, ƙwarzanen yana nan a fili. Wanda ya yi aikin nan bai ga abin da yake shafawa ba."

"Sauri yake yi," in ji mai kanti.

"Rami yana nan, kusa da inda motar ta kwana. Bakanike mai sauri zai hau rami ya gama kafin ka buɗe kwaɗon shagonka. Ko babu rami, zai kwanta ya shiga. Yaya zai iya. Direba zai iya. Mai burodi ma da tumbinsa zai iya in ya matsa."

"Ki bar tumbina," in ji mai burodi.

"Wannan mutum bai kwanta ba, don ya san in ya kwanta ba zai iya tashi shi kaɗai ba. Ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya ɗaura burushi a jikin wani dogon abu, ya yi ta zurawa. Amma bakin abin ya ɗan wuce burushin." Ta matsar da haske. "Ya dungure nan."

A jikin ƙarfen da ya gitta, cikin ɗanyen fentin, ga da'ira kamar an buga hatimi. A tsakiyarta layi biyu sun gicciye.

Injiniya ta ɗaga murya ta kira 'yar shumeka.

"'Yar'uwa, sauko ki gaya mana aikin hannun wa ne wannan."

Ta sauko, ta duba, ta sa hannu ta rufe baki. Sannan ta hau matakalar da sauri. Duk suka biyo ta.

Baba Tirela bai motsa ba, sai dai ya ja sandar ya matse ta tsakanin ƙafafunsa.

"Tsofaffi nawa ne a unguwar nan masu irin wannan roba?" ya ce. "Ke yarinya, ni kike nufi? Ni da na raine ki? Wannan shi ne karatun?"

"Tsofaffi da yawa, Baba. Duk a tara su a juya sandunansu. A fara da taka."

"Ba za a juya ba."

"Tun da ka shigo nake jin warin kananzir. Ka wanke itacen ya fita tas. Amma shumeka yana tsaga robarsa da zurfi, tsumma ba ya shiga."

Sufeto ya miƙa hannu. Tsohon ya riƙe, ya riƙe, sannan yatsunsa suka saki. Aka juya sandar. A cikin tsagar nan biyu baƙin fenti yana ƙyalli. Sufeto ya danna ta a kan kwali, ta bar da'ira da gicciye.

"Zagaye ɗaya kawai na so in yi," in ji Baba Tirela, yana kallon ƙasa. "Na yanka makulli tun da daɗewa, na ɓoye. Na ga motar a waje, babu kwaɗo, babu mai hana ni. Ya fito daga kwana. Na ga shi, na san abin da zan yi, ƙafar ce ta ƙi tashi. Na ce in na shafe cikin motar, babu wanda zai san ta fita. Ban yi nufin a kama yaron nan ba."

"Amma da aka kama shi ka zo," in ji Injiniya. Muryarta ba ta tashi ba. "Ka tsaya a gaban allon Abba, hannunka yana warin kananzir, ka ce gara da ya mutu bai ga ɗansa ba. Ƙafa ce ta buge shumeka, Baba, na yarda. Wannan kuwa ba ƙafa ba ce ta faɗa."

'Yar shumeka ta karɓi sandar daga hannun Sufeto ta dubi robar.

"Babana ne ya sa maka wannan," ta ce. "Ya ce kada ka zame."

Aka kwance wa Guntu ankwa. Ya tsaya yana murza wuyan hannu, yana kallon tsohon da ya saba kira Baba. Da aka zo tafiya da shi, babu sanda, tsohon ya kasa tashi daga kujera. Mutanen da suka yi ihu jiya duk suka tsaya kallo. Guntu ne ya sa kafaɗa ya ɗaga shi. Injiniya ta juya baya, don ita ba ta kai ga yafiya ba, kuma ba ta yi alkawarin za ta kai ba.

*

Unguwa ba ta ba da haƙuri ba. Motoci dai suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, masu su suna gaisuwa da fara'a kamar babu abin da ya faru. Mai burodi ya kawo tasa aka toshe yoyon. Mai kanti ya ce ai shi tun farko bai ce ya ga fuska ba. Injiniya ta bar lotsawar dutsen a jikin allon, ta hana Guntu buga ta.

Bayan an gama shari'a aka sako farar motar. Anti, babbar 'yar Baba Tirela, ita ta kawo ta da kanta, idonta a ƙasa. Ta ce sayarwa za su yi, kuɗin asibitin shumeka a ciki zai fito, amma babu mai saye da wannan danƙo a cikinta.

Injiniya ta hau da ita rami. Ta kankare fentin ƙyauren har ya fita duka, da hatimin da komai. Ta wanke wurin, ta bi shi da samfefa, har bayan ƙarfen nan da burushi bai kai ba, sai da ya yi haske. Ta shafa jan fenti, ta bar shi ya sha iska. Sannan ta fito ta fara wanke hannu.

"Baƙin fa?" in ji Guntu daga bakin rami. "Ga gwangwanin na buɗe."

"Rufe shi."

"Haka za a sayar da ita? Duk wanda ya leƙa zai ga ja, zai tambaya."

"Ya tambaya," ta ce, tana goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya. "Tsatsa ba za ta ci ta ba, aikina ke nan. Ɓoyewa kuwa an riga an yi mata sau ɗaya."